Kujerar Imrana

Ilham na sauka daga kan kalando, babur ɗin haya, ta hango Imrana yana fitowa daga ofishin Dakta Abbas, sakataren jami'a, har da 'yar dariyarsa. Nan take ranta ya ɓaci.

Su biyu ne kaɗai Hausawa cikin wakilan sandika, wato ƙungiyar ɗaliban digirin digirgir, waɗanda jami'a ke ɗora wa koyar da 'yan aji ɗaya. Aiki dai na malamai, amma in mutum ya kwanta ciwo babu wanda ya san da zamansa. Tun farkon zango suke zaman sulhu da hukuma kan ƙarin albashi da kula da lafiya, kuma duk abin da suka ƙulla a ɓoye sai su tarar Dakta Abbas ya riga ya sani. Ran da suka shirya sassautawa kan albashi in an ba su asibiti, kafin su buɗe baki ya miƙo asibitin, ya danne albashin. Lallai wani na kai rahoto. Zakariya, shugaban sandika, ya rantse yau sai an fitar da shi ko wane ne.

Ta tare Imrana a gindin darbejiya.

"Me ka je yi biron mutumin nan?"

"Katin zamana ya kusa ƙarewa, sai da sa hannunsa. Kin manta ni baƙo ne?"

"Shi ne har da dariya?"

"To kuka zan yi masa? Ilham, wai me kike nufi?"

Ta juya ta yi tafiyarta. Ita haifaffiyar unguwar Ridina ce a nan garin, shi kuwa bara waccan ya zo daga Kano, kuma tana jin daɗinsa ƙwarai. A teburin sulhu, inda ake ta Faransanci da Larabci, ta kan karkata wajensa ta faɗa masa abin da ke ranta da Hausa, har da shirin sandika, hankali kwance, tun da ba mai ji. Duk cikinta ya sani. Ga shi kuma zamansa a ƙasar yana hannun Dakta Abbas. Sai ta ga ai lissafi ya fita.

Kafin azahar ta gaya wa Zakariya zarginta.

"Kalas, shi ke nan," in ji shi. "Daga yau ba ya cikinmu."

Da aka sanar da Imrana bai yi musu ba. Ita kaɗai ya kalla, ya ɗauki jakarsa ya fita. Abin ya sosa mata rai, amma ta daure.

Bayan la'asar aka koma zaman sulhu, kujerar da ke kusa da ita babu kowa. Da aka tashi shan shayi, Dakta Abbas ya zagayo da kansa ya ajiye mata kofi. Mutumin da ba ta taɓa jin komai a bakinsa ba sai Larabci da Faransanci ya sunkuyo, ya ce da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanni:

"'Yata, yau ina abokin hirar taki?"

Kofin ya kusa suɓuce mata.

"Ranka ya daɗe... kana jin Hausa?"

"Kakata Bakatsiniya ce, hanyar Makka ta ajiye ta a nan. Tun rasuwarta ban ƙara jin Hausa mai daɗi ba sai a bakinku. Wallahi har ɗokin zaman nan nake yi."

Ya yi murmushi, ya koma mazauninsa, ya ci gaba da Faransanci.

Zakariya ya matso, ya tambaye ta da Larabci, murya ƙasa-ƙasa:

"Me ya ce miki?"

Ilham ta dubi kujerar Imrana.

"Ba komai. Gaisuwa ce."

"Gaisuwa? Duk tsawon nan?"

Bai ɗauke ido daga kanta ba. Ta kuwa gane kallon, don shi ta yi wa Imrana da safe.