Ranar da Inna Ta Wanke Wayarta

Baba Sale ya ce da hantsi zai zaga mana iyakar gonar, in rana ta take kuma shi ke nan, don washegari ɗansa zai ɗauke shi ya koma da shi Maraɗi gaba ɗaya. Shekararsa ta haura tamanin. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya ranar da aka raba gonar kakanmu. Tun rasuwar mahaifinmu, gambar da aka shuka a kan iyaka take ƙarewa, dabbobi sun ci, iska ta binne saura, garmar maƙwabcinmu Shu'aibu kuwa kowace damina sai ta ɗan ƙara shigowa da kunya guda. Ba mugu ba ne, shi ma bai san inda iyakar take ba. Amma gonar nan ita ce abincin Inna Tani, mahaifiyata, kuma in tsohon ya tafi da abin da ya sani, an gama.

Saboda haka na roƙi rana guda a lakol, makarantar bokon da nake koyarwa a Agiye, na hau mota zuwa Cadawa. Wayata 'yar ƙarama ce mai maɓalli. Babbar waya mai ɗaukar bidiyo tana hannun Inna, yayana Rilwanu ya aiko mata shekara uku da suka wuce.

Muka ɗora Baba Sale a amalanken shanu, Shu'aibu na biye a kan babur. Muka sauke tsohon gindin wani gawo. Na karɓi wayar, na danna ɗauka, sai ta rubuto min da Faransanci cewa babu wuri. Na sake dannawa. Babu wuri.

"Ai haka take yi mini tun bara," in ji Inna. "Sai na rage mata kaya take yarda."

Na shiga wajen saiti, inda waya ke nuna abin da ya cinye mata ciki. Hotunan da Inna ta ɗauka da kanta ba su kai ashirin ba. Watsap kaɗai ya haɗiye kusan komai. Da na buɗe shi sai da na riƙe baki: hotunan barka da Juma'a fiye da dubu biyu, masu furanni da masallatai, da addu'o'in safiya, da bidiyon wa'azi. Wani karatu guda na ƙirga shi sau goma sha ɗaya, don kowace ƙungiyar mata da take ciki sai an turo shi.

"Inna, waɗannan za mu goge, yanzun nan wuri ya samu."

Ta fizge wayar kamar na ce zan jefa ta rijiya.

"Ke Farida, kina da hankali kuwa? Sunan Allah ne a ciki. Takarda mai sunan Allah in kin gan ta ƙasa ɗauka kike yi ki saƙale a danga. Ni ce zan tura aya cikin kwandon shara?"

Ta nuna min ɗan hoton kwandon da ke jikin wayar, tana hararsa.

"To wane kaya kike ragewa tun bara?"

Ta ce, a hankali, hotunan jikoki. Da na sunan ɗiyata Fadila. Da na bikin Auta, ƙanwata. Duk sanda wayar ta cika, sai ta zaɓi fuskar wani nata ta goge, ta bar furannin.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga mata murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, kuma har yau ina jin kunyarsa. Shu'aibu ya duba rana, ya ce shi fa yana da kasuwa. Baba Sale ya fara gyangyaɗi, sandarsa na zamewa daga hannunsa. Inuwar gawon tana ta janyewa.

Inna ta zauna a kan kunya, wayar a cinyarta, ta daɗe tana kallon addu'ar safiyar nan da aka fi turo mata. Sai na ga bakinta na motsi. Ta kife wayar, ta karanto addu'ar da ka tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar da ba ta taɓa zama ajin lakol ba, kuma rabonta da makarantar allo ya fi shekara arba'in.

"Baba," ta ce da ƙarfi don ya farka, "in yaro ya hardace abin da ke bisa allonshi, mi aka yi ma allon?"

Tsohon ya buɗe ido. "Wanke shi aka yi mana. In ba a wanke ba, ina za a rubuta na gaba?"

"To ni na hardace. Farida, gwada mini wurin. Kada ki taɓa, ni zan wanke abina."

Na nuna mata yadda ake zaɓar abubuwa da yawa a lokaci guda, da inda wayar ke jera manyan bidiyo da waɗanda aka yi ta turowa. Ta yi bisimilla. Kowane iri sai ta bar guda ɗaya, ta karanta abin da ta iya, sannan ta sa yatsa ta goge sauran. Wanda ba ta hardace ba ta ce a bar mata shi, tana nan tafe gare shi. Ba ta yarda ta kira abin gogewa ba, wanki take cewa. Jan layin da ke nuna cikar wayar ya yi ta ja da baya har ya koma ƙasa da rabi. Ni da nake koya wa yara sittin karatu, na tsaya a kanta, alfahari ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Bidiyon ma ita ta ɗauka. Ta bi bayan Baba Sale da wayar a hannu biyu, yana dogara sanda, yana faɗin komai da sunansa: daga gawon nan zuwa tsohuwar suri, daga suri a miƙe zuwa kututturen kalgo. Ya nuna wa Shu'aibu kunya huɗu da ba nasa ba, Shu'aibu ya ce ya ji ya gani, ya faɗa da bakinsa a cikin wayar. A kusurwar gabas tsohon ya dafa wata aduwa ya ce, "Wagga Hambali ya bar ta da gangan, ranar da aka haifi ɗiyarshi wadda ke lakol. Ya ce ita ce shaida." Hambali mahaifina ne. Ban taɓa sanin haka ba. A nan Inna ta tsayar da wayar a kan aduwar.

Baba Sale bai ga kaka ba, a Maraɗi aka binne shi. Gamba sabuwa tana kan iyaka yanzu, Shu'aibu ne ma ya kawo saiwar.

Kowace Juma'a bayan la'asar Inna na wanke wayarta, matan unguwa na kawo mata nasu, tana yi musu faɗa kamar ita ta ƙera abin. Jikokinta sun dawo ciki, na sake turo mata hotunansu. Ran nan na ga bidiyon gonar a saman jerin manyan kaya, na tsokane ta na ce ai wannan ma ta hardace shi, sai a wanke.

Ta karɓe wayar ta cusa a lalitarta.

"Na hardace," ta ce. "Amma wanga da sunan ubanki a ciki."