Sigari a Kan Kabari

Ranar da dutsen bayan ƙauyenmu ya kama da wuta, mijina Pan-su yana ƙona karan barkono a gonarmu da ke gindin dutsen. Shi ke nan 'yan sanda suka samu na kamawa. Wutar ta cinye itatuwa da kaburburan gidaje da dama, aka gurfanar da shi a kotu, kuma maganar ɗauri ake yi.

Duk ƙauyen an san ba shi ba ne. Maƙwabciyarmu Yaya Bok-rye, wadda mijinta ya rasu da daɗewa, tana can saman dutsen tana tsinkar ganye lokacin da Tae-ho, ɗan mai gari, ya zo gaida kabarin kakansa. Ta gan shi ya zuba wa mamacin giya bisa al'adarmu, ya kunna masa sigari ya ɗora a kan busasshiyar ciyawar kabarin, don mashayi ne lokacin yana raye. Ya rusuna, ya yi tafiyarsa. Ta ba da labarin nan a ɗakin taruwar tsofaffi, ta ba da shi a gidan wanka, har da kwaikwayon rusunawar. Ba kunnen da bai sha ba.

Na kwashi mata uku muka je wurin lauyanmu, Seok, ina ganin na gama magana.

"Cikinku wa ta gani da idonta?" ya tambaya.

"Duk mun ji daga bakinta," na ce.

"To, Maman Sun-hui, wannan shi ake kira shaidar ji. Mutum ya faɗi abin da wani ya faɗa masa. Alƙali ba ya kafa hukunci a kanta, don ba yadda za a titsiye ki a kan abin da ba ki gani ba. Ko ƙauyen gaba ɗaya kuka zo, baki ɗaya ne, na Bok-rye. Tunda tana raye da ƙafarta, ita za ta zo ta faɗa."

Na ji haushin dokar, amma ban damu ba. Matar da ba a iya rufe mata baki ko tana cin abinci, me zai hana ta magana a gaban alƙali?

Ranar shari'a na je ɗaukarta, na tarar ƙofa a kulle. A bakin kotu na gan ta tana fitowa daga motar matar mai gari, an yi mata sabon gyaran gashi. Nan na gane an riga ni zuwa wurinta. Tarakta ɗaya ce a ƙauyenmu, ta mai gari, kuma ita ke nome wa Bok-rye gona kowace bazara.

Bok-rye ta yi rantsuwa, lauya Seok ya tambaye ta abin da ta gani a kan dutse.

"Ranka ya daɗe, tsufa ya zo, idon nan sai hazo-hazo. Hayaƙi dai na gani."

"Ba ki ga kowa a wurin kabari ba?"

"Ni dai na ji ana cewa ɗan mai gari ya hau."

"Daga wa kika ji?"

Ta waiwayo, da idon nan mai hazo ta tsamo ni daga cikin jama'a ba tare da lalube ba.

"Daga Maman Sun-hui."

Matan da muka sha labarin tare suka sunkuyar da kai suna wasa da jakunkunansu. Alƙali ya ce maganar sigari ba ta da mai gani, ji ne a kan ji, kuma tushenta matar wanda ake tuhuma. Aka ɗaure Pan-su.

Bayan kwana biyu sai ga Yaya Bok-rye a ƙofata da kwanon wainar shinkafa, ba ko kunya. Ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Ƙanwata, kada ki riƙe ni a zuci, kin san halin zama da manya. Amma na rantse na gan shi, har launin kwalin sigarin zan iya gaya miki. Haka ya ɗora shi, kin gani, haka."

Har ta fara lanƙwasa gwiwa za ta sake nuna mini rusunawar.

"Yaya, ki bar wahalar da gwiwarki," na ce. "Ni za ki ba labarin da kika ji daga bakina?"

Na bar ta da kwanon a hannu, na ja ƙofata. Akwai kayan sanyin Pan-su da zan haɗa in kai masa gidan yari.