Sarewar Gidan Bonapriso

Malam Rabe ya mayar da kaski na uku kan teburin Zakari, ya ce shi ma ba shi da kyau.

Zakari ya dubi abin, ya dubi tsohon. Kaski suke ce wa abin sauraron nan da ake ɗorawa a ka, mai marfi biyu da ke rufe kunnuwa ruf. Ga su nan jere a teburinsa a bakin Kasuwar Kongo, tare da batura da wayoyin rediyo. Da can ma'aikacin banki ne, da kwat da lakataya. Bankin ya rufe, ya dawo nan.

"Baba, wannan fa shi ake rububi. Jiya wani direban tasi ya ɗauki biyu."

"Ni ba direban tasi ba ne."

Fauziya, 'yar Malam Rabe, tana tsaye a bayansa da lema. Hutun rana ta samu daga ofis ta rako shi. Sau biyu aka yanke musu albashi a shekara guda, sannan aka karya darajar kuɗin sefa, duk abin da ya sauko daga jirgin ruwa ya ninka kuɗi. Tun a hanya ta gaya masa ya zaɓa daga layin ƙasa, na masu araha. Sai da ta faɗa sau biyu. Ya ce ya ji, ta daina magana cikin hanci irin ta 'yan ofis.

Masu sayar da kaski a kasuwar nan hanya ɗaya suke gwadawa. Su sa kiɗan rawa na makosa, su ƙure murya, in gangar ta buga maka ƙirji to kaya ya yi. Haka Zakari ya so yi da farko. Malam Rabe ya ɗaga masa hannu. Ya zaro ƙaramin rediyonsa mai cin kaset daga aljihun riga, ya kwance hankici, ya fito da kaset ɗaya tilo. Zakari ya sa kaskin a kunnensa don ya fara ji, ya jira, ya girgiza rediyon.

"Batirinka ya mutu, Baba."

"Bai mutu ba. Haka yake farawa. Ba kowane kiɗa ne ke shigowa da ihu ba."

Shekara ashirin da shida Malam Rabe ya yi yana wanki da guga a wani gida a Bonapriso, unguwar masu kuɗi. Mai gidan Bafaranshe ne, Misye Lakomb, shugaban wani kamfanin katako. Ɗakin guga yana ƙarƙashin tagar falo. Kullum da la'asar in Misye ya dawo, sai ya ɗora faifai ya zauna. Kiɗan ya biyo taga ya sauko kan teburin guga. Goge ne masu yawa, manya da ƙanana, ba waƙa, ba kalangu. Shekarar farko Rabe ya ɗauka kukan makoki ne. Daga baya ya fara gane faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, ko da yake bai san sunan ko ɗaya ba.

Akwai guda da ya fi so. Ya san shi da aikin hannunsa. In ya fara, Rabe zai ɗauki riga. Kwala. Hannun dama. Hannun hagu. Yana juya rigar ta baya, gogen su lafa, sai wata sarewa ta taso ita kaɗai, siririya kamar zare, ta hau sama ta tsaya. Nan yake ɗaga dutsen guga ya jira ta sauko. Bai taɓa jin ta daga cikin falon ba. Ta taga kawai, gauraye da kukan injin sanyi da muryar kuku yana faɗa da mai kifi.

Da kamfanin ya durƙushe, Misye ya haɗa kaya. Ya tambayi kowa abin da yake so. Kuku ya ɗauki firji. Mai gadi ya ɗauki keke. Rabe, wanda bai taɓa roƙon komai a gidan ba, ya ce a juye masa faifan nan a kaset. Misye ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juye masa, ya haɗa masa da rediyon.

A New Bell kuma, unguwar da yake zaune, ba wurin ji. Injin niƙa a hagu, mashaya a bayan katanga, babura a lungu tun asuba. Lasifikar rediyon ba ta fi murfin kwalba ba. In ya ƙara murya, abokan zamansa na ƙofar masallaci su ce Rabe ya koma coci da tsufansa. Sau ɗaya aka faɗa, ya daina sawa. Shekara uku kaset ɗin na cikin akwati. Sai makon jiya ya ga wani a mota da kaski a ka, ido a rufe, duniya ba ta dame shi ba. Ya ce wa Fauziya abin nan yake so. Yana so ya ji sarewar sau ɗaya yadda Misye ke jin ta.

"To me ya rasa?" in ji Zakari. "Gaya mini, in san abin da zan ba ka."

"Na farko ganga ya cika, kamar ana daka a ɗakin maƙwabta. Na biyu yana matse kai. Wannan yana da sauƙi a ka, gogen ma sun fito. Amma ya cinye sarewar."

"Wace sarewa?"

"Da akwai ta, da ba ka tambaya ba."

Mai sayar da agogo na kusa ya yi dariya. "Zakari, yau ka haɗu da sufeto."

Zakari ya durƙusa ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ya fito da wani baƙi, fatar marfinsa ta ɗan tsage.

"Na hannu ne, daga Beljik. Masu aikin gidan rediyo irinsa suke sawa. Ba ya ƙara ganga, ba ya rage komai. Abin da ke cikin kaset shi zai ba ka. Kuma bai fi ƙarfin Hajiya ba."

"Ni ba Hajiya ba ce tukuna," Fauziya ta ce. "Da wannan albashin ko Yawunde ban isa ba, balle aikin hajji."

Malam Rabe ya cire hula ya ba ta ta riƙe. Ya ɗora kaskin. Kasuwar ta ja baya, kamar an rufe ƙofa. Ya mayar da kaset farko, ya danna.

Gogen suka shigo a hankali. Wannan karon ya ji su daban-daban, manyan a hagu, ƙananan a dama, har da wani mai kauri a ƙasa wanda bai taɓa sanin yana ciki ba. Ya runtse ido. Hannunsa na dama ya sauka kan tebur, ya fara tafiya a kan katakon tsakanin batura. Kwala. Hannun dama. Hannun hagu. Ya juya rigar da babu ita. Gogen suka lafa. Ya ɗaga hannu ya jira.

Shiru. Sai wani huci kamar iska a cikin bututu. Can gogen suka dawo.

Ya cire kaskin.

"Shi ma haka."

Zakari bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu layin sama, ya sauko da wanda ke cikin kwalinsa, ɗan Japan, wanda ba ya bari a taɓa. Ya yage ledar da haƙori.

"Zakari, kar ka buɗe," in ji Fauziya. "Ka san ba za mu iya ba."

"Ça va, ba komai, ƙanwata. Gwaji ne. Ni ma yanzu so nake in san ƙarshen maganar nan."

Malam Rabe ya gwada. Kwala, hannu, hannu, baya. Ya daɗe da hannu a sama. Ya cire ya ajiye shi a hankali, don ya san abu mai tsada.

"Ko kaset ɗin ne ya lalace," Zakari ya ce. "Damshin garin nan ba ya barin komai."

"A hankici yake, cikin akwati, cikin leda. Bai lalace ba. Kayanku ne na zamani, an yi su don masu rawa." Ya juya ga 'yarsa. "Ke zo. Sa wannan na Beljik ɗin. Bayan gogen sun yi ƙasa akwai sarewa. Ki saurara, ki gaya wa mutumin nan babu ita, tunda ni ya ɗauke ni tsohon banza."

"Haba Baba, ni na isa?" in ji Zakari.

Fauziya ta ba Zakari lemar da hular. Ta ɗora kaskin a kan ɗankwalinta, ta gyara shi ya rufe kunnuwan. Ba ta taɓa sauraron kaset ɗin ba. A gida sunansa kiɗan Baba, abin da ake yi wa murmushi a bayan idonsa. Malam Rabe ya mayar da shi farko da kansa, ya danna, ya ɗora hannu a tebur. Ba ya jin komai yanzu sai kasuwa, amma hannun ya san hanya.

Da farko tana kallon titi, tana duban agogonta. Ya gama kwala. Ya gama hannun dama, ta daina duban agogo. Ya gama na hagu. Ya juya rigar, ya ɗaga hannu.

A daidai nan Fauziya ta ɗaga kai. Bakinta ya ɗan buɗe. Idonta ya bi wani abu sama, sama, har saman rufin kwanon rumfar, ya tsaya can. Ta riƙe numfashi. Sannan a hankali ta sauke shi.

Hannun Malam Rabe na nan a sama. Ya dube shi, ya mayar da shi cikin aljihu.

Ta cire kaskin. Ta ga fuskarsa. Ta yi saurin cewa, "Babu komai, Baba. Gaskiyarka ne. Kayansa ne ba su da kyau."

"Kin ɗaga kai."

"Wuyana ne ya gaji."

"Fauziya. Ban koya miki ƙarya ba."

Ta sunkuyar da kai. Mai agogo ya koma goge gilashinsa. Zakari ya shiga nannaɗe wayar ɗan Japan, yana yi yana warwarewa.

"Tana nan," ta ce, da ƙarfi yadda zai ji. "Tana nan, Baba. Wallahi ban san haka take ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ta hau har sama ta tsaya. Ta ce ta tsaya. Ya tambaya ko a saukowa tana ɗan rawa kamar za ta tsinke. Ta ce haka ne. Ya ce to, ita ce.

Ya karɓi hularsa ya sa. Ya fitar da kaset, ya shimfiɗa hankicin a tebur, ya naɗe shi kusurwa huɗu daidai, ya goge da gefen hannu.

"Baba, ka ɗauki na Beljik ɗin," in ji Zakari. "Gogen ai ka ji su. Kai da kanka na ga ka ji su."

Malam Rabe ya ɗauki kaset ɗinsa. Ya sa rediyon a aljihu, ya kama hanyar New Bell. Fauziya ta karɓi lemar ta bi shi, tana ƙoƙarin rufe masa rana. Sun wuce masu atamfa, sun wuce masu gasa ayaba. A bakin kwalbati ta sha gabansa, ta matso kusa da kunnensa.

"Baba, na riƙe ta a kaina. Muryata kana ji, siririn sauti ne ya ɓace wa kunnenka. Bari in rera maka ita da murya mai kauri, daga farko har inda ta sauko."

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon bakinta.

"A'a," ya ce. "Ba na so a ba ni labarinta."