Man Kaɗen Hajjo a Gaban Niyutron

Shekara huɗu Dakta Bilƙisu Sailuba ta yi a wani ɗakin bincike a Riyad tana fama da haɗa man shafawa na masu ƙuna. Duk man da inji ya kaɗa, bayan kwana biyu sai ruwa ya ware, mai ya ware.

Mahaifiyarta Hajjo ta zo musu ziyara a Al-Badi'a, ta ji wannan kuka, ta ce a ba ta man kaɗe da ruwa. Ta zauna a kicin tana bugawa da hannu, tana ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan, tun hantsi har la'asar. Nata ya yi wata guda cur bai ware ba, duk zafin garin nan.

Abin ya tsaya wa Bilƙisu a rai. Ta kai tsohuwar wurin aiki ta sake bugawa, wannan karon da wani ruwa mai nauyi da niyutron ke iya bambanta shi da mai. Abokin aikinta Uwais ya tafi da kwalabe biyu, ta inji da ta Hajjo, wata cibiyar bincike a Turai.

Ranar da sakamako ya iso, Bilƙisu ta buɗe kwamfuta da safe, Hajjo na gefenta. Na inji ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Na Hajjo kuwa zobba ne tsaf, wani cikin wani. Tsigar jikin Bilƙisu ta tashi.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Hajjo.

"Inna, niyutron wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. An harba su cikin man, suka ratsa, suka watsu. Yadda suka watsu ne ya nuna mana cikinsa. Mai, ruwa, mai, ruwa, a jere hawa-hawa. Sai an haɗa hawa dubu goma kafin a kai kaurin gashi ɗaya."

"Wa ya jera su?"

"Hannunki."

Hajjo ta juya tafukanta tana kallo.

"Subhanallahi. Ni dai bugawa nake. Shekara hamsin ban san ana wannan aiki a ƙarƙashin yatsuna ba."

A makon nan Bilƙisu ta sabunta mata bizar ziyara. Suka yi wata biyu suna auna saurin hannunta da yadda take ɗiga ruwa, har suka saita injin ya bi a hankali. Kwalba ta tara da ya kaɗa ita ce ta fara fitar da zobe, guda ɗaya, siriri.