Rami Ma Magidanci Ne

Jiya da na kwanta, mafarki ya kwashe ni sai filin golf, kuma ban yi mamaki ba, don da abin na kwana a raina. Shekara uku ke nan da na yi ritaya na fara wasan nan na buga ƙwallo da sanda zuwa rami, amma har yau in na buga ƙwallo gabas, kudu take nufa ta shige daji. Injiniya Sabi'u, babba a cikin mu huɗu da muke wasa tare, ya ce in Asabar ɗin nan ma haka aka yi, sai dai in nemi wasu abokan, sun gaji da taya ni laluben ciyawa. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta yi mini ciwo. Ban da filin nan ba ni da wurin zuwa.

A mafarkin mai koya mini wasa raƙumi ne, da farar hula da usur a wuya. Ya karɓi sandata ya miƙo mini muciya, wai duk ƙwararru ita suke riƙewa yanzu. Sannan ya leƙo daga can sama ya ce babbar matsalata ɗaga kai. Na so in ce masa laifi tudu ne, sai na tuna raƙumi yana cizo.

Na buga. Ƙwallon ta tafi sak, ta tsaya a sama ta ɗan yi tunani, ta kunna sigina, ta karya kwana.

Sai ga ni a tsakiyar wata unguwa cikin daji. Duk ƙwallayen da na ɓatar ne suka tare a wurin, sun yi gine-gine, har da mai shayi da layin 'yan acaɓa. Mai unguwarsu ita ce wadda na ɓatar ranar farko, ta yi furfura. Na durƙusa na tambaye ta abin da na yi musu da zafi haka.

Ta ce, "Alhaji, mu fa 'ya'yan mutunci ne. Ramin nan da kake cilla mu magidanci ne. Ka taɓa ganin an faɗa ɗakin mutum ba sallama? Kunya ce take sa mu kaucewa."

Na ce a ƙasashen da aka ƙirƙiro wasan ba a sallama. Ta ce shi ya sa su ma suke shan wahala.

Sai ga ni a gaban rami na farko. Ya shimfiɗa tabarma yana sauraron rediyo. Sabi'u da sauran biyun suna zaune a kan wata bishiyar darbejiya, kowa yana duba agogonsa. Na yi sallama. Ramin ya rage muryar rediyon.

"Shekara uku kana wucewa ta ƙofata, sai yau ka san da ni?"

Na ba shi haƙuri. Na ce ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Ashe iyalin su goma sha bakwai ne, duk ramuka, kuma dole a tambayi kowa da sunansa. Na bakwai ya yi aure. Na goma sha uku ruwan sama ya cika shi tun bara, sai da na tsaya na yi jaje. Sabi'u yana ta gyaran murya daga kan bishiya, ni kuwa gumi har cikin takalmi, ina tsoron kada su sauko su tafi su bar ni.

Da muka kai na ƙarshe, ramin ya naɗe gefen tabarmarsa ya ce, "To bismilla, ta shigo."

Na ɗan taɓa ƙwallon da muciyar. Ta gangara a hankali, ta tsaya a bakin rami, ta sunkuya tana cire takalmi. Ta cire ɗaya, ta kama ɗayan, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na farka ban ga shigarta ba, gari ya waye, Asabar ce. Na zauna a bakin gado na yi wa kaina dariya, mutum da shekara sittin da biyu. Amma sallamar zan yi, a hankali, yadda Sabi'u ba zai ji ba.