Shuɗi a Cikin Sabulu

Tun da ruwan sama ya cinye gadar bakin gari, babbar motar da ke kawo wa Mai Kanti kaya ta daina zuwa. Sai 'yan babura ke lallaɓowa ta tsohuwar hanya da ɗan abin da ya samu, su ma sai sun ɗora kuɗin wahalarsu a kai. Gishiri ya hau, ashana ta hau, kalanzir kuwa ba a magana. Sabulu ma ya zama abin lallashi. Mai Kanti ya daina sayar da shi sanda guda, sai ya sa wuƙa ya yanka, yana yi yana hararar mai saye kamar daga jikinsa ake yankowa.

A ɗakin ƙarshe na wani gidan haya akwai mata mai ɗinki. Kowa Tela yake ce mata, har mahaifiyarta idan rai ya ɓaci. Mijinta yana can birni yana gadi, sai dai waya, wayar ma yawanci ta ba da haƙuri ce. Ɗinki ya ja baya, don wanda yake neman na miya ba ya tuna sabuwar riga. Abin da ake kawo mata yanzu faci ne, da kodaɗɗun kaya da take mayarwa cikin rini su ɗan yi kyan gani. Ita da mahaifiyarta, Inna, suke zaune, an raba ɗakin da labule.

Ɗaki huɗu ne a gidan, banɗaki ɗaya. Simintinsa ya farfashe, gansakuka ta kama gindin bango, ƙofar kwano ce da ake ɗaurewa da waya a jikin ƙusa. Da can ana wanke shi da omo, kowane ɗaki da ranarsa. Yanzu toka ce da yashi da tsohuwar tsintsiya, sai kuma ƙarfin hannun wadda abin ya faɗo kanta. Warin ba ya fita, sai dai ya ɗan ja da baya ya dawo.

Tela ba ta ajiye sabulu a ɗaki, saboda ɓeraye sun taɓa cinye mata rabi a dare ɗaya. A cikin banɗakin akwai wani bulo da ya saki a saman bango. Bayansa take tura gwangwanin madara da sabulunta a ciki, ta mayar da bulon. Da zare take yanka shi siriri siriri, ta san iya kwanakin da kowane yanki zai kai su.

Sai yankin ya fara ƙarewa kafin lokacinsa. Da yamma za ta bar shi da kaurinsa, da safe ta tarar ya zama kamar harshen kyanwa, a jiƙe. Ruwan durom ɗinta ma yana raguwa, ga mai ruwa ya ƙara wa jarka kuɗi. Ta yi shiru kwana biyu, ta yi tsaki kwana uku, daga nan sai abin ya fara hana ta cin abinci.

"Inna, ke ce kike taɓa sabulun nan da safe?"

"Ni da nake wanka da rana, in ruwa ya sha zafi?" Inna ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ki dai duba da kyau."

Tela ba ta sake tambayarta ba, har ta ji kunyar tambayar. Inna da wankau ta raine ta. Shekara da shekaru tana durƙushe gaban baho tana wanke kayan mutane, kuma ba a taɓa dawo mata da farar riga an ce ta sake ba. Mace ce da take sansana kofi kafin ta sha ruwa, take kallon farcen baƙo kafin ta amsa gaisuwarsa. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi, amma tsaftar tana nan, har ta ƙaru. Ta hana Tela share bayan labulenta, ta ce ita ba ta mutu ba tukuna. Ta kuma daina shan shayin yamma da take so kamar me, ta ce a rage wa sukari wahala.

Mutum ɗaya ya taɓa ganin Tela tana mayar da bulon nan, ita ce maƙwabciyarta ta ɗakin kusa, Uwar Biyu. Su biyun sun shaƙu. Uwar Biyu ce ke duba Inna idan Tela ta tafi kasuwa, Tela ce ke yi wa tagwayenta facin wando ba ta karɓi ko sisi ba. Amma tagwaye wanki gare su, kuma kullum igiyar Uwar Biyu cike take da shanya. Tela ta fara kallon igiyar nan tana lissafi a zuci. Gaisuwarsu ta gajarce. Abin ya yi mata ciwo, don ba ta da wata ƙawa a garin, amma gajiya ta riga ta cika mata ciki, tana neman wanda za ta sauke wa.

Ta yi rantsuwa sai ta kunyata ɓarawon nan a tsakar gida, kowa yana gani, ko waye shi.

Dabarar daga sana'arta ta fito. Ta ɗauki yanki mai kauri, ta huda cikinsa da bakin almakashi, ta ɗura garin shuɗin rinin da take mayar da kodaɗɗun zannuwa da shi, ta toshe ramin da ɓarɓashin sabulu ta shafe. Rinin nan idan ya kama fata, sai ya yi mako bai saki ba. Ta sa shi a gwangwani ta mayar da bulo. Na wankansu kuma ta ɓoye a aljihun keken ɗinki, da niyyar miƙa wa Inna da rana. Ba ta gaya wa kowa ba.

Gari ya waye da yayyafi. Tela ta shiga banɗaki ta janye bulon. Gwangwani wayam. A ƙasa, wajen magudanar ruwa, ga shuɗi nan ya bi tsagar siminti.

Ta fito ko mayafi ba ta gyara ba, ta tsaya a tsakar gida ta tafa hannu.

"Jama'ar gidan nan, ku fito! Yau dai Allah ya tona asirin mai wanka da guminmu."

Bakanike, mai ɗakin farko, ya leƙo da buroshi a baki. Matarsa ta biyo shi. Tsohon da ke gyaran takalma ya fito yana ɗaura agogo. Uwar Biyu ta fito ƙarshe da tagwayenta, ɗaya a baya, ɗaya riƙe da zanenta.

"Na sa rini a sabuluna," Tela ta ce. "Wanda ya ɗauka, hannunsa zai faɗa. Ga nawa." Ta ɗaga tafukanta biyu, ta juya su gaba da baya, fes. "Kowa ya nuna nasa."

Bakanike ya cire buroshi ya miƙa hannuwansa, baƙi ƙirin da man inji. "Ni dai kin gani, rabona da sabulu tun gada tana tsaye."

Matarsa ta yi dariya ta nuna nata. Mai gyaran takalma ya nuna nasa yana girgiza kai. Tela ba su take kallo ba. Idonta yana kan mutum ɗaya, kuma kowa ya ga inda yake.

Uwar Biyu ta daɗe tana dubanta. "Ni kike nufi, ko? Tun kwanaki na ga take-takenki." Ta saki hannun yaron, ta matso har gaban Tela, ta buɗe tafukanta. Babu komai sai kaushin wanki. "Duba da kyau. Ko in cire zane ki duba sauran jikin? Da toka nake wanke kayan yaran nan, Tela, da toka. Kin taɓa tambayata?"

Yayyafin yana sauka a kan kwano. Tela ta ji kunya ta taso mata tun daga ƙafa, amma bakinta bai yarda ya sauka ba.

"To aljani ne ya ɗauka? Kada kowa ya tafi, ina zuwa."

Ta shiga ɗaki don ta ɗauko kwalbar rinin ta nuna musu ba ƙarya take ba. A nan ta lura Inna ba ta fito ba, ita da ko faɗan kaji ba ya wuce ta. Ta ɗaga labule.

Inna tana zaune a bakin gado, ta cusa hannuwanta biyu cikin mayafi, ta matse su tsakanin gwiwoyinta. Ba ta dubi 'yarta ba.

"Inna, lafiya?"

"Sanyi nake ji."

A ƙarƙashin gadon, bakin baho ya leƙo. Tela ta durƙusa ta jawo shi. Zanen gadon Inna ne a ciki, da zanen kwananta, a jiƙe, farin ya yi dabbare-dabbare da shuɗi. Ragowar sabulun yana kai. Katifar an juya ta, an rufe da tabarma. Warin fitsarin da Tela ta yi makonni tana ɗora wa bangon banɗaki, ga inda yake fitowa.

Shayin yamma ya faɗo mata a rai, da sharar da aka hana ta, da ruwan durom.

"Ban gani ba," Inna ta ce a hankali. "Da duhu nake yi, kafin ku tashi. Sai da gari ya yi haske na ga hannuna." Ta fito da su. Shuɗi har wuyan hannu, ya shiga duk tsagar da shekarun wankau suka bari. "Ba na jin zuwansa, 'yar nan. Sai dai in farka in tarar. Ni da na wanke na mutane, yau ni ce..."

Tela ba ta taɓa ganin mahaifiyarta tana kuka ba, ko ranar da mahaifinta ya rasu a ɓoye ta yi. Yanzu ma ba sauti, hawayen kawai ke bin kumatu.

"Na ji abin da kika ce a waje," Inna ta ce. "Je ki gaya musu. Kada ki bar yarinyar can da zargi, ba ta ci miki komai ba."

Daga tsakar gida Bakanike ya ɗaga murya. "Tela, mu fa muna da wurin zuwa!"

Tela ta miƙe. Ta jawo bokitin ruwan da ke bakin ƙofa, ta zuba a bahon, ta ɗauki ragowar sabulun. Ta kama zanen ta fara cuɗawa, irin cuɗar da Inna ta koya mata tun tana ƙarama, gefe da gefe, a bi ta tsakiya. Kumfar ta fito shuɗiya. Ta ci gaba har sabulun ya narke a hannunta, sannan ta matse zanen ta rataye a ƙusar bayan labule.

"Daga yau ki riƙa tashina," ta ce. "Kuma yau za ki sha shayinki."

Ta goge hannu a jikin zaninta ta fita.

Suna nan tsaye inda ta bar su. Ta ɗaga tafukanta, shuɗi har gwiwar hannu.

"Ni ce," ta ce. "Jiya na shigo da shi ɗaki na jefa cikin wanki, na manta. Kaina ne ya ɗauki zafi kwanan nan. Ku yafe ni. Uwar Biyu, ke ce na fi ɓata wa, ki yafe ni."

Bakanike ya kwashe da dariya har da dukan cinya. "Ɓarawo da mai kaya duk mutum ɗaya! Wallahi tsadar nan sai ta haukata mu." Matarsa ta ja tsaki ta shige. Mai gyaran takalma ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki akwatinsa. Kafin azahar labarin ya kai kanti, kuma Tela ta san har gada ta gyaru ba za a daina tsokanarta da shi ba.

Uwar Biyu ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannuwan da ta gani fes ɗazu, ta dubi labulen ɗakin Tela, ta kuma tuna shuɗin da kowa ya gani a magudanar banɗaki. Ta ja ɗanta suka shiga ɗaki, ba ta ce ta yafe ba.

Da la'asar ruwa ya tsuge. Tela tana kan keke tana facin wani wando, shuɗayen yatsunta suna tura ƙyalle, sai aka yi sallama a bakin ƙofa. Uwar Biyu ce, da wani abu a naɗe a hammata. Ba ta shigo ba. Ta miƙo shi daga nan.

Babbar leda ce mai kauri, irin wadda ake shimfiɗa wa yara a kan katifa, an wanke ta an ninke.

"'Yan biyu sun daina buƙatarta," ta ce, tana kallon ruwan da ke zuba, ba Tela ba. "Na ga rufinku yana yoyo ta wajen gadon Inna. Ki shimfiɗa mata."

Tela ta ɗaga kai ta dubi rufin. A bushe yake, bai taɓa yoyo ba. Ta karɓi ledar da hannu biyu.

"In za ki yi wankin safe, ki ƙwanƙwasa mini," Uwar Biyu ta ce. "Tokata tana da yawa, kuma igiyata ta fi taki samun rana. Cikin kayan yara ba mai lura da zane ɗaya."

Ta ɗan ɗaga murya ta gaida Inna ta bayan labule, kamar kullum. Sai da aka ɗan jima Inna ta amsa.