Littafin Kiwon Kaji

Shekara goma sha bakwai Anti Shiru ta yi tana riƙe da laburaren wata makarantar sakandare, kuma a duk tsawon shekarun nan babu littafin da ya taɓa kwana a kantar da ba tasa ba. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, domin ba ta tsawa, ba ta duka. Yatsa ɗaya take ɗagawa ta ɗora a leɓe, sai ka ji ɗaki ya yi tsit. Ko 'yarta Auta, da ke aji biyu a makarantar, ba ta tsira daga yatsan nan ba.

Rikicin ya faro ne ranar da aka sauke mata kwali daga ofishin ilimi. Littattafai shida ne iri ɗaya, a kan balaga: yadda jikin yarinya da na yaro ke sauyawa, da al'adar mata, da yadda mutum zai kare kansa daga masu mugun nufi. Ta buɗe ɗaya, ta ci karo da wani zane a shafi na ashirin, ta rufe da sauri har tana waige, alhali ita kaɗai ce a ɗakin. Sai ta kwashi ƙafa zuwa ofishin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, a wace kanta zan sa su?"

Shi kuwa Shugaba mutum ne da ba ya ba da amsa ɗaya muddin biyu za su samu.

"Kada ki ɓoye su, Malama. Ofis zai tambaya."

"To in jera su ke nan?"

"Wa ya ce ki jera? Iyaye za su tambaya."

"To ina zan kai su?"

"Ai ke kika karanta aikin laburare, ba ni ba."

Sai da aka yi zama biyu da kwamitin iyaye kafin aka fito da matsaya, wadda ita kanta ba ta da kai ba ta da gindi. Za a naɗe bangon kowane littafi da takarda ruwan ƙasa, a kulle su a kabad ɗin da ke bayan teburinta. Duk ɗalibin da ke so, ya kawo wasiƙa daga ubansa ko uwarsa. Aka rubuta takarda aka ce ta sa hannu: idan littafin ya shiga hannun ɗalibi ba tare da wasiƙa ba, a bakin aikinta. Ta sa hannu ko ɗar ba ta ji ba. Ita da allura ba ta ɓace mata, ina littafi zai bi ya fita daga kabad mai kwaɗo?

A ranar ta zauna da almakashi da gam ta naɗe su. Da yake takardar ta yi saura, kuma ita ba ta son asara, sai ta haɗa da wasu tsofaffin littattafan noma guda tara da bangonsu ya yage. Ta jera duka goma sha biyar a teburi, ta liƙa wa kowanne aljihun kati a ciki da lamba a gadon baya. Tana cikin liƙin ne aka kira ta ɗaukar hoton malamai. Da ta dawo ta ƙarasa, ta ƙirga shida ta kulle, ta ƙirga tara ta mayar kantar noma.

Wata huɗu suka wuce babu wanda ya kawo wasiƙa. Ta rubuta a rahotonta cewa ɗalibai ba su nuna buƙatar littafin ba, Shugaba ya karanta ya sauke ajiyar zuciya.

Abin da ya ɗaure mata kai wani abu ne dabam. Kantar noma tana can ƙuryar ɗaki, inda gizo-gizo ke cin karensa babu babbaka, amma kwatsam sai 'yan mata suka mayar da ita wurin zuwa. Kuma littafi ɗaya suke nema, Kiwon Kaji a Gida. Wannan ta dawo da shi, waccan na tsaye a bayanta tana jira. Ba sa bari ma ya koma kanta. Su da kansu suke zaro katin su miƙo mata, ta buga hatimi, su cusa littafin a jaka su fice, kai a sunkuye. Katin farko ya cika, ta liƙa na biyu, shi ma ya cika. Daga baya har 'yan maza suka fara raɓowa, suna tari, suna cewa wai ƙanwarsu ce ta aiko su.

A taron malamai ta miƙe ta ba da wannan albishir. Malamin Noma, wanda ya shekara tara yana koyar da yara masu gyangyaɗi, har da ƙwalla. Bayan mako biyu sai ga shi a laburare da takardun jarrabawa, fuska a yamutse.

"Malama, kin tabbata kaji suke karantawa? Na tambaye su kwana nawa kaza ke yi a kan ƙwai. Wata ta ce wata tara."

"Ƙila tambayar ce ta yi musu tsauri," in ji ta. Amma abin ya tsaya mata a rai.

Auta ma ta ari littafin, ba sau ɗaya ba. Uwar ta ji daɗi ƙwarai, domin yarinyar ta sauya a 'yan watannin nan: ba ta yawan magana, ta koma wanke kayan makarantarta da kanta, ta shanya a bayan ɗaki. Anti Shiru ta ce a ranta hankali ne ya zo. Don ta ƙarfafa mata gwiwa, ran wata Asabar ta shigo gida da 'yan tsaki huɗu a kwali.

"Ga su nan, ki gwada abin da kika karanta."

Auta ta dubi 'yan tsakin, ta dubi uwarta, ta yi wani ɗan murmushi da uwar ba ta gane kansa ba.

"Na gode, Mama. Me suke ci?"

"Ni za ki tambaya? Ke da kika ari littafin sau huɗu?"

Haka dai aka yi ta tafiya, har wata Laraba da hantsi Shugaba ya shigo laburare tare da Shugaban Iyaye. Dattijo ne mai sanda da tabarau, ya ce shi fa an sa shi ya yanke hukunci a kan littafin da bai taɓa gani ba, yau ya zo ya gani da idonsa. Anti Shiru ta ciro makulli daga jakarta, ta buɗe kabad, ta nuna musu shida cif, ƙura ma ta kwanta a kansu. Ta ɗauko na sama ta miƙa masa da hannu biyu.

Dattijo ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya kamar mai shirin shan magani mai ɗaci, ya buɗe. Ya juya shafi. Ya sake juyawa. Ya ɗago.

"'Yata, wannan ai kaji ne."

"Na'am, Baba?"

"Kaji. Ga zakara, ga akurki. A kan wannan muka yi zama biyu?"

Shugaba ya fizgi wani daga kabad ya buɗe, ya rufe da sauri. Ya buɗe na gaba, da na gaba. Biyar na balaga ne, ɗaya na kaji.

"Malama, ina na shidan?"

Ta dubi littafin kajin da ke hannun dattijon. A take ta tuna ranar almakashi da gam, da kiran ɗaukar hoto. Shugaba ma ba yaro ba ne. Ta ga lokacin da albishir ɗinta na taron malamai ya faɗo masa, bakinsa ya buɗe a hankali.

"Yara nawa suka ara?" ya tambaya.

"Sai na duba kati, ranka ya daɗe."

"Ki kawo mini littafin da katin kafin a tashi. Baba zai kira iyayen kowane yaro."

Da suka fita ta zauna ta jawo akwatin kati. Katunan Kiwon Kaji uku ne a liƙe da juna. Sunaye arba'in da ɗaya, kowanne da hatiminta a gefe, ɗas, babu karkata. Ita da hannunta ta yi ta raba littafin wata huɗu tana yaba wa yara. Suna na ƙarshe na Auta ne.

Ta je ta kira ta daga aji, suka dawo tare, ta tura ƙofa ta rufe.

"Ba ni littafin."

Auta ta ciro shi daga jaka. Takardar bangon ta yi laushi ta yi baƙi don shan hannu. Anti Shiru ta buɗe, sai ranta ya ƙara ɓaci: gefen shafuka duk rubutun fensir ne, laifin da take kora a kai mako guda. Ta fara karantawa don ta gane masu hannun. Wata ta rubuta, "Ni nawa bai zo ba har yanzu, ciwo ne?" Wata ta amsa a ƙasa, "Duba shafi 34, ba ciwo ba ne." Wata ta rubuta, "Idan babba ne a gida yake taɓa ki fa?" An ja layi biyu a ƙarƙashin amsar: "Ki gaya wa Anti Shiru, ita ta mu ce." Ta karanta wannan sau uku ba ta fahimta ba.

A shafi na talatin ta ga hannun da ko a mafarki za ta gane, domin ita ta koya masa riƙe fensir. "Na ɗauka mutuwa zan yi. Ashe kowa ma haka."

"Tun yaushe?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wata uku, Mama."

Wata uku. Wankin kayan makaranta, da shanya a bayan ɗaki, da shirun da ta kira hankali. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na zo nan sau biyu. Kina aiki, kika ɗaga yatsa. A gida kuma na rasa ta inda zan fara." Auta ta share hanci da bayan hannu. "Amma da na samu littafin sai na gane ai kin sani. Kowa ya san da gangan kika sauya bangon, don kada mu sha kunyar kawo wasiƙa. Shi ya sa muka haɗa baki, ko malami ɗaya ba a gaya wa ba. Da kika kawo 'yan tsakin nan ma, na ce wa ƙawayena Mama ta iya ɓad da sawu."

Anti Shiru ta so ta ce kuskure ne, sai ta fasa. Yarinyar na kallon ta da wani irin alfahari da ba ta taɓa gani a idonta ba, kuma a kan abin da ba ta yi ba.

"Koma aji," ta ce. "Ki jira ni a bakin ƙofa idan an tashi."

Ta daɗe zaune da katunan a hannu. Ta san gidajen da za a yi dariya a wuce wurin. Ta kuma san gidajen da za a cire yarinya daga makaranta a kan sunan nan, kuma a cikin arba'in da ɗayan akwai wadda ta yi tambayar babban da ke taɓa ta, wanda ƙila shi ne ma zai amsa kiran. Ta ninke katunan ta tura can ƙasan jakarta.

Saura minti goma a kaɗa ƙararrawa ta shiga ofis. Dattijo na nan zaune, har yanzu da littafin kajin a cinyarsa. Ta ajiye na balagar a teburi.

"Katin fa?" in ji Shugaba.

"Ba zan kawo ba, ranka ya daɗe."

Ya cire hula ya sosa kai. Ba mugu ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

"Malama, ki taimake ni in taimake ki. Ki rubuta cewa kuskure ne, ki ba da sunaye, a tsaya a gargaɗi. Kin san abin da kika sa wa hannu. Kuskure ne ko ganganci?"

"Ranar da na liƙa lambar, kuskure ne," ta ce. "Yau kuwa wallahi ban san sunansa ba."

Dattijo ya miƙa hannu ya ɗauki littafin, ya buɗe daidai inda fensir ya fi yawa. Ya daɗe yana karantawa, leɓensa na motsi. Bai ajiye littafin ba. Ita dai ba ta jira hukuncinsa ba. Ta ciro makullan laburare, na ƙofa da na kabad, ta ɗora a kan teburin Shugaba, ta ce idan sun gama shawara sun san gidanta.

Auta na bakin ƙofar makaranta tana jira. Suka kama hanya, yara na ta wuce su a guje. Hannun Anti Shiru sai komawa yake cikin jaka yana laluben makullan da ba sa nan. Sun kusa kwanar gidansu Auta ta ce, "Mama, akwai abin da ban gane ba a shafi na arba'in."

Uwar ta ji yatsan nan ya taso da kansa, ya kusa kai wa leɓe. Ta kama shi da ɗaya hannun ta mayar ƙasa.

"Ban karanta shafin ba," ta ce. "Ko ɗaya ban karanta ba. Faɗa mini abin da ya ce, mu duba tare."